MiG-21 na roba da nake haɗawa: ƙurar hunturu ta ɓata min fenti, ina neman shawara

Baban Ilham:
Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Wata biyu kenan ina kan wani ɗan aiki da daddare in yara sun kwanta, jirgin yaƙi ne na roba samfurin MiG-21MF na kamfanin Eduard, sikeli 1/48, ƙanena ne ya taho min da shi daga waje don ya san tun muna yara ni ne mai haɗa mana jirgin kara da motar langa-langa. Ga wanda bai taɓa gani ba, kwali ne cike da 'yan gutsattsarin roba maƙale a jikin firam, kai za ka yanko su ɗaya bayan ɗaya ka kankare ka manna ka yi fenti har ya fito sak na gaske. 1/48 ɗin nan nufinsa an rage girman jirgin sau 48, na gasken faɗin fukafukansa mita 7 ne da ɗan ɗoriya, nawa kuwa kusan santimita 15, tsawonsa ya ɗan haura santimita 30 in an haɗa da tsinken nan na hanci. Na haɗa gangar jiki da fukafukai lafiya lau, abu uku ne suka tsayar da ni. Jiya na fesa fentin farko na bar shi kan tebur, da safe na tarar jikin duk ya yi kaushi kamar sanfefa. Sai gilashin matuƙi da ya yi fari daga ciki kamar hazo bayan na manna shi da sufa gulu. Na ukun shi ya fi damuna, so nake in yi shi da kalar sojan saman Najeriya amma sitikun da ke cikin kwalin duk na wasu ƙasashe ne, babu tamu. Dan Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Usta Mai Fenti:
Wa alaikumus salam. Malam ni fentin mota nake yi ba na jirgin roba ba, amma fenti duk fenti ne. Kafin ka ɗora wa ƙura laifi ka shafa da yatsa ka ji, in tsilli-tsilli ne nan da can da ɗan zare-zare to ƙura ce, in kuwa ko'ina ne bai ɗaya kamar an barbaɗa gari to fentinka ne ya bushe a iska kafin ya sauka, lokacin hunturu haka yake mana ko a gareji saboda iskar ba ta da laima ko kaɗan. Ka matso da hannunka kusa, ka ƙara sirka fentin. Maganin ƙura kuma ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin ka fara, ka kashe fanka, kana gama feshi ka kifa masa kwali ko robar wanki mai tsabta kar ka ɗaga sai washegari.

Baban Ilham:
Usta Allah ya saka da alheri, yanzun nan na je na shafa, ko'ina ne bai ɗaya, har wajen da fiffike ya haɗu da jiki ya fi muni. Ashe nesa nake tsayawa. To yanzu wanke shi zan yi gaba ɗaya ko yaya?

Injiniya:
A'a kar ka wanke tukuna. Tunda fentin farko ne, ka nemi sanfefa mai lamba 1500 ko 2000 a wajen masu sayar da kayan fentin mota, ka jiƙa ta da ruwa ka bi jikin a hankali, kaushin zai kwanta ba tare da ka cinye layukan da aka zana a robar ba, su ne fa duk kyan kayan Eduard, 'yan ɗigo-ɗigon ƙusoshin nan in suka shafe dawo da su aiki ne ja. Kusurwar fiffike da ka ce ta fi muni dalili shi ne iska tana juyawa a wurin kamar guguwa sai fentin ya bushe yana yawo, don haka can za ka fara fesawa da iska kaɗan, kamar 15 zuwa 18 a agogon kwampreso, fentin kuma ya zama ruwa-ruwa kamar madarar shanu. Wane fenti ma kake amfani da shi?

Baban Ilham:
Tamiya ne na kwalba, da tinarsa X-20A, amma tinar ta kusa ƙarewa.

Usta Mai Fenti:
In ta ƙare ga tamu ta mota nan galan-galan, ai ba tsada.

Injiniya:
Usta ka yi haƙuri a nan kam ban yarda ba. Tinar mota tana da zafi sosai, robar nan kuwa irin wadda take narkewa ce, ɗigo ɗaya in ya taru a wuri sai ka ga ya yi laushi ya yamutse kamar fatar tsohuwar ganga. Ai ma da haka gam ɗin yake aiki, Tamiya Extra Thin mai koren murfi ba manne yake ba, narkar da fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya, shi ya sa ake haɗa su tukuna sannan a taɓa da bakin buroshi ya bi tsagin da kansa. Akwai masu sirkawa da tina mai zafi su fesa shara-shara kuma ya yi musu kyau, amma wanda wannan ne jirginsa na farko kuma kwali ɗaya gare shi ban ba shi shawara ba. In X-20A ta ƙare ka je kemis ka nemi sipirit marar kala, ka gwada a jikin cokalin roba tukuna, sai dai ya fi saurin bushewa, ka kula.

Usta Mai Fenti:
To na karɓa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma maganar kwali da yayyafi tana nan.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Ni duk wannan wahalar ta kwampreso ban san ta ba, buroshi nake yi da shi, na yi guda huɗu 1/72 har da MiG-17 na Airfix. Wuta ba ta tsaya muna ba balle in dogara da inji. Sirrin buroshi shi ne kar ka nemi rufewa a shafa ɗaya, ka sirka sosai ka yi shafa huɗu ko biyar kowace ta bushe, buroshi mai faɗi mai laushi, wallahi in ka tsaya taku biyu baya ba ka gane ba feshi ba ne. Kuma tunda kalar soja za ka yi mai dabbare-dabbare buroshi ya ishe ka, inda buroshi ke kunyata mutum shi ne kalar azurfa.

Injiniya:
Gaskiya ne, azurfa ba ta rufa wa kowa asiri, ko zanen yatsa sai ta nuna. Maganar wuta kuma akwai tsohuwar dabara, tayar mota ta safaya a kai wa mai faci ya cika ta da iska a sa mata tiyo da abin rage ƙarfi, tana isar mutum ya fesa jirgi ɗaya. Wasu kuma injin tsohon firij suke mayarwa kwampreso, ba shi da ƙara ko kaɗan, sai dai dole a sa masa tanki da matatar ruwa don yana tofo mai. Sai batun gilashi. Baban Ilham, sufa gulu yana fitar da tururi in yana bushewa, tururin ne yake bin maiƙon yatsa da laimar da ke jikin gilashin ya zauna ya yi farin nan. Ba a kusantar gilashi da shi sam, farin gam na kafintoci ake sawa da tsinken sakace, in ya bushe garau yake zama. Ka fara duba firam ɗin gilasan ko akwai wani murfin da ya rage, in babu ka ɓamɓaro wannan a hankali ka goge cikin da 2000 da ruwa, zai ƙara dushewa kar ka tsorata, sai ka bi da man goge baki fari a jikin auduga kana murzawa har haske ya dawo, ƙarshe ka shafa masa banish mai sheƙi na ruwa.

Abu Hafsa:
Ni tambaya gare ni kuma da zuciya ɗaya nake yi. Wannan ba ya shiga cikin mutum-mutumi da aka yi hani? Sannan a wannan tsadar rayuwar magidanci ya zauna wata biyu yana fentin abin wasan yara, anya?

Baban Ilham:
Malam Abu Hafsa tambayarka a kan hanya take. Abin da na koya a wajen malamaina shi ne hanin a kan surar abu mai rai yake, jirgi kuwa ƙarfe ne kamar mota ko gida, kuma ni ko ɗan matuƙin roba ban sa a ciki ba, kujerar ce kawai da bel ɗinta. Maganar lokaci kuma, awa ɗaya ce bayan isha'i wadda da a waya zan ƙarar da ita ina karanta rigimar mutane. Tunda na fara hankalina ya fi kwanciya, kuma ɗana babba yana zama kusa da ni yana miƙo min kaya, shekaranjiya shi ya lissafa da kansa cewa in an raba mita 7 gida 48 me zai bayar. Wannan kaɗai ya biya ni.

Abu Hafsa:
To madalla, Allah ya sa albarka. Na gamsu da ta farkon, ta biyun dai a riƙa sa ido kan aljihu.

Baba Mai Ritaya:
Yaro na ne ya nuna mini wannan hira ya ce in zo in gani. Baban Ilham, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni makaniken jirgi ne a sojan sama kafin in ajiye aiki, kuma a Makurɗi na yi mafi yawan shekaruna. A 1975 aka kawo mana MiG-21 daga Tarayyar Sobiyet, MF guda 25 da masu kujera biyu na koyarwa guda 6, daga baya wajen 1984 aka ƙaro samfurin bis. Kafin su MiG-17 ne aka yi yaƙin basasa da su. Zuwa farkon shekarun 1990 duk an ajiye su, ba kayan gyara ba kuɗi, muna ji muna gani suna zaune a rana. F-7 ɗin da aka sayo daga Sin daga baya ai jininsa ne, in ka kalli hancin da gangar jikin za ka gane ɗan gida ɗaya ne. To ka saurara in faɗa maka abin da hoto ba zai faɗa maka ba. Cikin wurin zaman matuƙi ba baƙi ba ne ba toka ba, wata kala ce tsakanin shuɗi da kore, kamar kwanon sha na da, yawancin jiragen yaƙin Rasha na lokacin haka suke. Tsinin nan da ke tsakiyar bakin jirgin kore ne, a cikinsa na'urar hangen nesa wato rada take, kuma ba a kafe yake ba, yana fitowa gaba yana komawa gwargwadon gudun jirgin don ya daidaita iskar da ke shiga inji. Cibiyar tayoyi ma kore ce. Murfin gilashin MF gefen dama yake buɗewa kamar murfin akwati, na gaban yana nan a kafe, kuma akwai ɗan madubi a samansa na duba baya, kar ka manta da shi. A gindin jela akwai wani ɗan bututu, lemar birki ce a ciki, in ya sauka sai ta fito fuu ta riƙe shi, don jirgin da gudu yake sauka saboda fukafukansa ƙanana ne masu kusurwa uku. Mu ne muke bi mu naɗe ta.

Baban Ilham:
Allahu akbar. Baba wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kalar cikin na yi ta yadda takardar ta ce kuma ta yi daidai da bayaninka, amma madubin nan na ga ɗan ƙaramin abu a firam ban san ko mene ne ba saura kaɗan in bar shi. Baba kalar jikin fa? Hotunan da na samu a intanet sun nuna kalar ƙasa da kore a sama, ciki kuma shuɗi mai haske, sai dai kowane hoto da irin hasken da ya ɗauka.

Baba Mai Ritaya:
Ka bi hotunan, amma ka sani fentin da ya kwana biyu a ranar Binuwai ba ya zama yadda ya fito daga masana'anta. Bayan jirgin da saman fukafukai su suke fara koɗewa, gefe da ciki suna riƙe kalarsu. Wajen bututun wuta na baya ƙarfe ne tsirara wanda zafi ya ƙona, ya yi ruwan toka da ɗan ruwan ƙasa. Inda muke taka ƙafa da inda muke buɗe ƙofofin gyara kullum akwai dauɗar hannu da mai.

Injiniya:
Baba mun gode, wannan ilimi ba a saye. Kun ga abin da nake faɗa kullum kenan, jirgi in an gama shi fes kamar sabon kwano ba ya kama da na gaske. Baban Ilham in ka gama kalolin ka ɗiga ɗan fari a cikin kowace ka sirka sosai ka bi saman kawai, sannan bayan banish ka dama fentin mai irin na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, ya zama kamar ruwan shayi, ka ɗiga a layukan ya bi da kansa, in ya sha iska ka share da auduga daga gaba zuwa baya yadda iska ke bi.

Ɗan Damagaram:
Nan ne ni da Injiniya muke rabuwa. Na ga hotunan da mutane ke sawa, kowane layi baƙi ƙirin kamar an zana da biro, jirgin ya koma kamar taswira. Wa ya taɓa ganin jirgi haka a fili? In ka tsaya nesa da jirgin gaske yadda zai yi maka ƙanƙanta kamar na kan tebur layukan ma da ƙyar kake ganinsu. Ni na fi son a bar shi da tsabtarsa, ranar da aka kawo shi sabo ai ita ma rana ce a tarihinsa.

Injiniya:
Waɗanda ka gani sun wuce gona da iri ne, ba laifin dabarar ba ne. Shi ya sa na ce ruwan ƙasa ban ce baƙi ba.

Baba Mai Ritaya:
Ku duka kuna da gaskiya amma ku bar ni in raba. Muna wanke jiragenmu, soja ba ya barin kayansa da ƙazanta, wanda duk ya yi shi kamar an tono shi daga juji ya ci mutuncinmu. Amma koɗewar rana ba ta wankuwa. A yi koɗewar, a sa dauɗa kaɗan a ciki da wajen tayoyi, a tsaya nan.

Maman Sadiq:
Ku gafarce ni na shigo tsakiyar maganar maza. Yarona shekararsa 10, ba shi da zance sai jirgi, duk kwalin da ya gani a gida sai ya yanka. Irin wannan zai iya? Kuma warin gam ɗin ba ya cutarwa? Yana da ɗan ciwon ƙirji.

Injiniya:
Hajiya irin na Baban Ilham ya yi masa yawa, gutsattsarin sun fi ɗari wasu kamar ƙwayar gero. Ki sa a nemo masa Airfix Quickbuild, shi ba gam ba fenti, haɗawa ake yi yana shiga da kansa kuma da kalarsa yake zuwa. In ya saba sai a koma ƙaramin 1/72 da fentin ruwa irin Vallejo wanda kusan ba shi da wari. Gam mai narkar da roba da tina kam tunda yana da ƙirji a nisanta shi da su, ko babba ma taga a buɗe ake yi, feshi kuma da abin rufe hanci. Reza ma babba ya riƙe masa.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Usta Mai Fenti:
Mun bar maganar tambari fa, ita ce ya ce ta fi damunsa. Ba za a kai wa masu buga sitika su buga ba?

Injiniya:
Sitikar kasuwa ta yi kauri, a jikin 1/48 za ta zauna kamar an manna faranti. Na cikin kwali irin na jiƙawa a ruwa ne, sirara kamar fatar albasa. Ana sayar da takardarsu a buga a gida amma firinta ba ta buga fari, ga shi tambarinmu kore fari kore ne zagaye cikin zagaye. Ni dai fenti na fi so, kuma sa'arka ɗaya tambarin Najeriya yana cikin masu sauƙi a duniya. Ka fara fesa fari a wurin, ya bushe kwana ɗaya, ka samo kamfas na 'yan makaranta ka ɗaura masa tsinin reza a maimakon fensir, ka yanka zobe a jikin tef ɗin takarda ka rufe inda zai zauna fari, ka fesa kore, sannan ka rufe da'irar gaba ɗaya ka ci gaba da kalar jiki. Tutar jela ma layi uku ne, tef ya gama maka. Lambobi da haruffa baƙaƙe su kam ana iya bugawa a takarda marar kala. Ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi na cikin kwalin ka yi amfani da su, amma sai ka sa banish mai sheƙi tukuna, in ka manna a kan fenti marar sheƙi iska tana maƙalewa a ƙasa gefen ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Micro Sol mai jan rubutu, wani ruwa ne na tausasa sitika, yana sa su kwanta cikin layuka, in ka shafa za su yamutse, kar ka taɓa, da kansu suke miƙewa.

Ɗan Damagaram:
Kuma ina fata ka sa nauyi a hanci kafin ka rufe jiki? MiG-17 ɗina na farko da jela ya zauna.

Baban Ilham:
Na sa, boris uku na samo wajen mai gyaran keke na cusa a cikin tsinin da farin gam, na gwada a kan fensir yana rinjaya gaba. To jama'a ga inda aka kwana, yau da asuba na bi jikin da 2000 da ruwa kamar yadda Injiniya ya ce, ya yi santsi kuma ɗigon ƙusoshin suna nan. Na yayyafa ruwa na sake fesawa daga kusa na kifa robar wanki, yanzu na leƙa ta ƙasa ba kaushi ko kaɗan. Gilashin ya dawo kamar kashi tara cikin goma, akwai ɗan hazo a kusurwa ɗaya, na yanke shawarar in bar murfin a buɗe gefen dama yadda Baba ya kwatanta, kusurwar za ta koma ƙasa kuma a ga kalar cikin. Zoben tef na yanka shida biyu ne suka fito daidai, zan ƙara gwadawa da sabuwar reza. Baba, in Allah ya sa na gama ina so in kawo maka har gida ka duba da idonka kafin in sa shi a kabad.

Baba Mai Ritaya:
Ƙofa a buɗe take ɗana, yaron zai tura maka kwatance ta waya. Kar ka kawo shi a bayan mota da rana, roba ce za ta lanƙwashe, ka riƙo shi a kwali a gaba. Tsinken hancin kuma kar ka manna sai ka iso, a samansa yake ɗan gefen dama, ni zan nuna maka daidai inda yake zama.